Camfe-camfen Mutanen Ayalan Game da Shigowar Bazara

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan ɗan taƙaitaccen bayani ina so in kai ku tsibirin Ayalan, yamma da Ingila, don mu ga cewa camfi ba a ƙasar Hausa kaɗai ya yi gida ba.

Mutanen Ayalan na dā suna ƙirga farkon bazararsu daga ranar 1 ga watan Mayu, wadda suke kira Bealtaine. A lokacin ne sanyi yake janyewa, ciyawa ta tofo, a kora shanu mashekari a kan tuddai. Wani tsohon ƙamus da ake dangantawa da sarki Cormac, wanda ya rasu a 908, ya nuna bokayensu kan hura wuta biyu a ratsa da shanu ta tsakani, wai don tsari daga cuta.

Bayan zuwan Kiristanci ma al'adar ba ta mutu ba. A dā, a wannan rana ba a ba maƙwabci garwashi ko gishiri ko madara, don kada ya tafi da arzikin gida. Akan watsa furanni rawaya a bakin ƙofa saboda iskoki. 'Yammata kan wanke fuska da raɓar asuba, wasu kuma su yi sammakon ɗiban ruwan farko na rijiya. Har an yarda wata tsohuwa kan rikiɗa ta zama zomo ta tsotse nonon shanu.

To, mene ne tushen wannan tsoro? Ni a ganina talauci ne. A wancan zamani manomi ɗan haya ne a gonar wani, ranar 1 ga Mayu kuwa ranar biyan haya ce, kuma sau da yawa da kuɗin man shanu ake biya. Wanda aka kaɗa nononsa mai bai fito ba, yana iya rasa gonar. Da yake bai san dalili ba, sai ya ɗora wa maƙwabciya, yawanci tsohuwa matalauciya marar gata.

Mun san da yawa daga cikin waɗannan ne domin daga 1937 hukumar tattara al'adu ta ƙasar ta sa yara 'yan makaranta fiye da 50,000 su rubuto abin da tsofaffi suka faɗa musu. Shin mu da muke nazarin Hausa, wa zai rubuta namu kafin tsofaffinmu su ƙare? Hutu na zuwa, kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna gaban kakarsa.