Ibro da Finafinan Camama

Camama suna ne da 'yan fim da 'yan kasuwar kaset na Kano suka laƙaba wa finafinan barkwanci masu arha, waɗanda ake ɗauka cikin 'yan kwanaki, galibi a ƙauye, da kyamara ɗaya da 'yan wasa kaɗan. Da fari sunan na raini ne, domin masu finafinan soyayya da waƙa suna ganin su ne manyan sana'ar. Wanda ya fi kowa ɗaukaka wannan reshe shi ne Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda aka fi sani da Ibro ko Ɗan Ibro, kuma garin da aka fi danganta shi da shi da ayarinsa shi ne Wudil.

Barkwancin Hausa a akwatin talabijin ya girmi camama. Tun a shekarun 1970 da 1980 mutane sun saba da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya mayar da rayuwar bariki abin dariya a Kaduna. Akwai Kasimu Yero, akwai Karkuzu a Jos, akwai Golobo a Sakkwato, sannan gidan talabijin na jihar Kano, CTV 67, wanda yanzu ake kira ARTV, ya fito da nasa 'yan wasan. Duk waɗannan a ƙarƙashin gidajen gwamnati suke, don haka dariyarsu takan zo da saƙo: a kai yaro makaranta, a tsabtace muhalli, a bar cin hanci. Da aka fitar da Turmin Danya a 1990, kaset ɗin bidiyo ya zama haja a kasuwa, sai mai ba da dariya ya daina jiran shugaban tasha ya ba shi fili. Mai saye ne ya zama alƙali.

An haifi Rabilu Musa a 1971 a Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa. Ya yi Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, ya kuma yi aikin gandiroba na wasu shekaru kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasa. Zamansa a Wudil ya yi tasiri a kan abin da ya riƙa nunawa. Gari ne na bakin kogi a kan babbar hanyar da ta fita daga Kano ta nufi gabas, mai kasuwar shanu da ke ci ranar Juma'a, inda Bafulatani da mahauci da dillali da direba da ɗan kamasho suke cuɗanya. Mutanen finafinansa ke nan. Ba kasafai ake ganin falo mai kujerun alfarma ko mota mai sheƙi ba. Zaure ne, da bakin kasuwa, da gona, da katangar ƙasa.

Ibro na cikin fim mutum ɗaya ne ko da wace riga ya sa. Talaka ne mai ganin kansa da wayo, mai cika baki, ga tsoro, ga son banza. Kullum yana da dabarar da za ta fitar da shi daga talauci kafin la'asar, kullum kuma dabarar ce ke kai shi gaban mai unguwa ko hannun masu binsa bashi. Ramin mugunta yake ginawa, ya manta bai gina shi gajere ba. A gefensa akwai matar gida, Tsigai, wadda ta riga ta san ƙarshen zancen tun kafin ya fara, da abokan tafiya irin su Yautai da Katakore da Ciroki da Ɗan Gwari. Sunayen finafinan ma dabarar kasuwa ce: a ɗauko abin da ke bakin mutane a liƙa wa Ibro. Da waƙoƙin Awilo Longomba na Kwango suka cika gari, aka yi Ibro Awilo. A farkon shekarun 2000, lokacin da sunayen Usama bin Laden da Saddam Husaini suka mamaye rediyo, aka yi Ibro Usama da Ibro Saddam.

Irin wannan mutum ba a ƙasar Hausa kaɗai ya yi farin jini ba. A Ingila akwai Fawlty Towers, wasan da John Cleese da Connie Booth suka rubuta, BBC ta nuna shi a 1975 da 1979. Labarin wani mai otal ne a garin Torquay, Basil Fawlty, mai girman kai da saurin fushi, wanda ke rusuna wa masu sarauta yana wulaƙanta sauran baƙi, yana kuma shakkar matarsa Sybil. Ƙarya ɗaya zai yi don ya rufe wata 'yar ɓarna, sai ta haifi goma. Basil da Ibro duk masu son a ɗauke su fiye da yadda suke ne, mai kallo kuma yana hango faɗuwar tun daga nesa. Har wajen zolayar baƙo sun yi tarayya: can akwai Manuel, ma'aikaci ɗan Sifaniya da Turanci ke ba wuya, nan akwai Ɗan Gwari da karyayyiyar Hausarsa. Sai dai a ƙasar Hausa abin ya samu gindin zama a al'adar wasa tsakanin ƙabilu da garuruwa, ko da yake ba kowane wanda ake kwaikwayon harshensa ne yake jin daɗin abin ba, kuma yana da hujjarsa.

Inda suka rabu shi ne yawa da adana. Fawlty Towers kashi 12 ne kacal, an tace kowanne, an ajiye su, ana ta maimaitawa. A shekarar 2000 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sa shi a kan gaba cikin shirye-shiryen talabijin 100 mafiya inganci na ƙasar, a 2024 kuma aka nuna shi a matsayin wasan dandamali a Landan. Ibro kuwa ba shi da wannan sararin. Kasuwar da masu satar fasaha suka addaba ba ta biyan mai jinkiri, don haka fim na bin fim, sau da yawa ba cikakken rubutu, sai jigon labari da abin da baki ya kawo a gaban kyamara. Dole a samu na yarwa a ciki, kuma akwai su da dama. Amma wanda ya iya sa mutane dariya a haka, ba gyara ba maimai, gwanintarsa ba ta buƙatar shaida.

Camama ta gamu da hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, ta kuma tsananta matuƙa daga 2007 a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu kan zargin saɓa ƙa'idojin hukumar, a shari'ar da ta shafi fim ɗin Ibro Aloko. Da yawa daga cikin 'yan fim sun ɗauka cewa wata waƙa ce da ake ganin shaguɓe ce ga masu mulki ta jawo masa. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari, wannan karon ta ɗaya ƙofar.

Ya rasu a watan Disamba na 2014 bayan fama da ciwon ƙoda, a daidai lokacin da kasuwar faifai ta fara durƙushewa, a shekarar da tashar Arewa24 ta fara aiki. Su Bosho da Daushe da Baba Ari sun ci gaba da riƙe fagen, barkwanci kuma ya koma gida biyu. Ɗaya shi ne shiri mai dogon zango irin Gidan Badamasi na Falalu A. Ɗorayi, wanda a tsarinsa ya fi kusa da na Ingila: gida ɗaya, mutane sanannu, rigima sabuwa kowane mako. Ɗayan shi ne gajerun bidiyo na YouTube da TikTok, inda matasa ke yin ainihin abin da ayarin Wudil suka yi, sai dai da waya. Tsoffin finafinan Ibro ma can suka koma, guntu-guntu, an kwafo su daga kaset da faifan da suka sha hannu, hoton ya dusashe, sau da yawa ba sunan fim balle shekarar da aka yi shi ko sunan wanda ya riƙe kyamara.