Cocin gida: daga masu bi na farko zuwa birnin Beijin

Cocin gida ƙaramar ikilisiya ce da ke taruwa a gidan wani mai bi, ba a ginin sujada ba. Masu kafa ta a birane suna koyi ne da Kiristocin farko, waɗanda Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna suna haɗuwa gida-gida, suna cin abinci tare, suna tallafa wa mabuƙata. A Dura-Europos ta Siriya an tono wani gida da aka mayar da shi wurin sujada a ƙarni na 3, kafin Daular Rum ta halatta addinin a shekarar 313.

Kafa ta ba ya buƙatar dukiya: falo da mutum goma sun isa. Wahalar tana zuwa ne idan jama'a ta yi yawa har falo ya kasa.

Cocin Shouwang ta ga haka. Jin Tianming ya fara ta a Beijin a 1993 da mutane ƙalilan, ta haɓaka zuwa kimanin dubu, da yawansu masu ilimin jami'a. Ta nemi rajista amma ta ƙi shiga ƙungiyar coci-coci da gwamnatin Sin ke sa wa ido, sai aka hana ta. Ta sayi bene guda a wani gini a 2009, ba a ba ta makulli ba. Daga Afrilun 2011 mabiyanta suka koma sujada a fili, 'yan sanda na kwashe su, aka tsare faston a gidansa. A Maris na 2019 hukumomi suka haramta ta.