Muhasaba a Bakin Gona: Shin Manomi Ɗan Ɗariƙa Mai Bi Ne Kawai?

Tun bayan littafin Ousmane Kane na 2003 kan Izala a Kano, wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin manazarta: wai ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978 ce ta koya wa talaka tambayar dalilin abin da ya yi imani da shi, kafin nan kuwa sai bin shehu ido rufe. Kane ya fi magana kan birni. Masu ɗaukar maganarsa su shimfiɗa ta a kan ƙauyukan Bichi, Dambatta da Dawakin Tofa su ne nake ganin sun yi gaggawa.

Tarihin shigar Failar Tijjaniyya Kano, daga haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass a aikin Hajjin 1937, Paden (1973) ya gama da shi. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne karatun zaure. A yankin waɗancan ƙauyuka, inda gona ke manne da gona, da wuya a rasa malamin da ke biya wa magidanta Ahalari. Littafin kuwa da gyaran imani ya fara, sannan tuba da sharuɗɗanta, kafin a kai ga tsarki. Manomi Batijjane da ya taso daga noma, ya zauna kan buzu bayan La'asar da carbi a hannu, istigfari ɗari yake fara yi a laziminsa. Neman gafara sau biyu kullum yana tilasta wa mutum tuna abin da yake neman a yafe masa: kunyar maƙwabci da garma ta ci, ko zakkar gero da aka jinkirta har damin ya shiga rumbu. Wannan ita ce muhasabar da Gazali ya ware wa babi a Ihya'u.

Hujja mafi ƙarfi a kaina ta fito ne daga almajiran Shehu Abubakar Gumi, wanda littafinsa na aƙida na 1972 ya buɗe wannan muhawara. Suna cewa muridin da aka umarta ya zama kamar gawa a hannun mai wanka ba shi da bakin bincike. Muƙaddami ne ya ba shi wuridi, shi ne kuma zai fassara masa abin da ya gani a halwa. Ba zan ce babu gaskiya a nan ba. Binciken da aka riga aka shata wa iyaka ba zai kai mutum ga tuhumar ɗariƙar kanta ba, kuma tarbiyyar Faila a hannun shehu take daga farko har ƙarshe.

Don haka dole in taƙaita da'awata. Tambayar da manomin yake yi wa kansa ita ce ko zuciyarsa ta dace da abin da harshensa ke furtawa, ko riya ta kutsa cikin wazifar da yake zuwa a gaban jama'a. Ikhlasi yake tuhuma. Asalin aƙida ya bar wa malamai. A ganina wannan bincike ne cikakke, mai wuya ma, domin babu malamin da zai yi wa mutum shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya yi raddi ga masu kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilmin tauhidi ba. Manazarcin da ke auna imanin manomin Dambatta da iya kawo aya da hadisi a muhawara, kusan ma'aunin waɗancan malamai ya ɗauko.