Azurfa

A unguwar New Bell ta Duwala, mai neman zobe zai iya ce wa maƙeri "argent" da Faransanci, kalmar da ke nufin kuɗi ma. Hausawan unguwar kuwa suna nan da tasu: azurfa.

Daga Buzaye aka aro ta, masu cewa "azref", kuma maƙeransu na Agadas sun yi suna wajen sarrafa ta. A da, tsabar kuɗin azurfa ta Mariya Taresa mai ɗauke da shekarar 1780 ake narkarwa a yi awarwaro.

Yaron maƙeri in ya wuce zuga, sai ya koyi gauraye. Zallar azurfa ta cika laushi, shi ya sa ake zuba mata ɗan jan ƙarfe, a buga lambar 925, alamar wannan gaurayen, a cikin zoben.