Tarihin Ɗangon Faransawa Mai Gaɓa 12

'Ya'yanmu da ke karatun Faransanci suna haddace waƙoƙi a makaranta, wasu dattawa kuwa idan sun ji sai su ce babu kari a ciki. Akwai kari, ma'aunin ne ya bambanta. Mu da muka tashi kan arulin Halilu ɗan Ahmadu na Basra nauyin gaɓa muke aunawa, mai nauyi da marar nauyi. Bafaranshe kuwa ƙirga gaɓoɓi yake yi.

Babban karinsu shi ne alekzandiran, ɗango mai gaɓa 12 da ɗan tsayawa bayan ta shida. Sunan ya samo asali daga wata doguwar waƙa ta ƙarni na 12 kan Sarki Iskandar. A 1674 Boileau ya tsara ƙa'idojin waƙa cikin littafi, ya tsananta kan wannan tsayawar, marubuta suka bi kamar farilla. Sai 1830 Victor Hugo ya fito da wasansa Hernani a Faris, yana tsallakar da magana daga ɗango zuwa na gaba, yana gusar da wurin tsayawa. Gidan wasa ya kaure da hayaniya tsakanin matasa da masu riƙon tsohuwar hanya, a kan waƙa kawai!

Ƙafiya ma daban take. Ƙasidarmu kan riƙe amsa-amo ɗaya har ƙarshe, su kuwa suna sauya shi, galibi bayan ɗango biyu. Sun ma raba shi namiji da mace: wanda ya ƙare da harafin e marar sauti shi ne macen, kuma tsohuwar ƙa'ida ta ce su riƙa karɓa-karɓa.