Tseren ratsa daji: yadda ɗalibi zai auna gudunsa

Tseren ratsa daji, wanda ɗalibai ke kira kuros-kantiri, gudu ne mai dogon zango da ake yi a wajen filin wasa, a kan turɓaya da ciyawa da hanyoyin gona.

A makarantun sakandare na birnin Katsina, kamar sauran na arewacin Najeriya, galibi ana yin sa ne lokacin gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai.

Da yawa daga cikin waɗanda ke sarewa a hanya suna da ƙarfin da zai kai su ƙarshe, amma sukan ƙarar da shi tun a kilomitar farko.

Asalin wasan

Wasan ya samo asali ne daga makarantun kwana na Ingila a ƙarni na 19, inda wasu ɗalibai kan yi gaba suna yar da guntayen takarda, sauran su bi sawunsu. Makarantar Rugby ta fara tserenta na shekara-shekara tun a shekarun 1830.

An yi gasar ƙasa da ƙasa ta farko a Sikotland a 1903, gasar duniya kuma ta fara a ƙasar Beljiyam a 1973.

Tsarin raba ɗalibai gida-gida da sa su wasanni ya shigo Arewa ne ta makarantun da Turawan mulkin mallaka suka kafa, irin su Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu a cikinta.

Nisa da ƙidayar maki

A gasar duniya, manya maza da mata kan yi kilomita 10. Samari 'yan ƙasa da shekara 20 kan yi kilomita 8, 'yan mata kuma kilomita 6. A makarantun sakandaren Amurka kilomita 5 aka fi yi.

Matsayin da mai gudu ya zo shi ne makinsa: na ɗaya maki 1, na goma maki 10. Ana haɗa makin mutum huɗu ko biyar na farko daga kowace ƙungiya, wadda ta fi ƙarancin maki ita ce ta yi nasara.

Misali, gidan da 'ya'yansa suka zo na 1 da na 2 da na 15 da na 20 yana da maki 38. Gidan da ya samu na 5 da na 6 da na 7 da na 8 yana da maki 26, kuma shi ne zai ɗauki kofi.

Lissafin gudu

Abu na farko da ake so ɗalibi ya sani shi ne saurin da zai iya riƙewa daga farko har ƙarshe.

Wanda ke fatan gama kilomita 5 cikin minti 20, kowace kilomita za ta ci masa minti 4. A fili mai zagayen mita 400, wannan ya zama daƙiƙa 96 a kowane zagaye.

Malamin wasanni kan sa ɗalibi ya maimaita irin wannan zagaye sau shida ko takwas, da ɗan hutu a tsakani, har jikinsa ya haddace saurin ba tare da duba agogo ba.

Dalilin wannan awo yana cikin jiki. Idan mutum ya wuce saurin da iskar da yake shaƙa za ta iya ciyar da tsokarsa, tsami kan taru a cikinta, ƙafafu su yi nauyi, numfashi ya sarƙe.

Daƙiƙa 20 da aka ci riba a kilomitar farko ta wannan hanya sukan jawo asarar minti guda ko fiye a ta ƙarshe. Sauri ya haifi nawa ke nan, in ji Bahaushe.

Farko, tsakiya da ƙarshe

Ana busa usur, kowa kan zabura. Babu laifi a ɗan yi sauri a mita 200 na farko domin samun wuri kafin hanya ta tsuke, amma daga nan wajibi ne ɗalibi ya dawo kan awonsa, ko da tsararrakinsa suna wuce shi.

Alamar da za a lura da ita mai sauƙi ce. Wanda ya kasa furta kalma biyu ko uku a ƙarshen kilomitar farko, ya riga ya wuce gona da iri.

A tsakiya ne aka fi samun canjin matsayi. A nan ɗokin farko ya wuce, ƙarshe bai bayyana ba, hankali kan tafi wani wuri, gudu ya ragu ba tare da an sani ba.

Dabarar da aka saba ita ce a kafa ido a bayan wanda ke gaba, a cim masa, a wuce shi da ƙarfi domin kada ya manne, sannan a zaɓi na gabansa.

A ƙarshe kuma kowa zai duba baiwarsa. Mai saurin ƙafa zai iya jira har saura mita 200 ko 300. Wanda juriya ce makaminsa, gara ya ƙara wuta tun saura kilomita guda, ya gajiyar da masu saurin kafin su hango layi.

Katsinawa, da suka saba da sukuwa da kuma wasan folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sun san cewa gwanin mahayi ba ya sakar wa doki linzami tun daga tashi.

Darasin Kampala

A watan Maris na 2017 aka yi gasar duniya a Kampala, babban birnin Yuganda. Joshua Cheptegei, ɗan ƙasar mai shekara 20, ya tsere wa kowa tun da sauran tafiya, jama'a suna ta sowa.

A zagayen ƙarshe ƙarfinsa ya ƙare. Geoffrey Kamworor na Kenya, wanda ya riƙe awonsa, ya wuce shi ya lashe tseren. Cheptegei ya ƙarasa yana tangaɗi, ya zo na 30.

Duk da haka, makinsa ya shiga lissafin da ya ba ƙungiyar Yuganda lambar tagulla. Bayan shekara biyu, a Aarhus ta ƙasar Denmak, ya yi haƙuri har kusa da ƙarshe, ya zama zakaran duniya.

Ƙasar Katsina da yanayinta

Kewayen birnin Katsina shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai yashi, babu manyan tuddai. Yashin shi ke maye gurbin tudu, domin gudu a kan yashi mai laushi yana cin ƙarfi kusan ninki ɗaya da rabi na gudu a kan ƙasa mai tauri.

Saboda haka idan aka shiga rairayi ko busasshen rafi, a gajarta taku, a bar gudun ya ragu da kansa, a nemi gefen da ƙasa ta fi tauri. Ƙoƙarin jiki ake so ya daidaita, ko da agogo ya nuna an yi jinkiri.

Haka ma a hawan kwari. A hau da gajeren taku, a ci gaba da gudu bayan an kai sama, inda yawancin mutane ke sassautawa.

Bayan girbi, gonaki kan cika da kututturen dawa da gero, ga ƙarangiya da tsidau. Wanda ya taka hanyar kwana ɗaya ko biyu kafin tsere zai san inda ya kamata ya wuce mutane da inda zai kiyaye ƙafarsa.

Da hunturu safiya kan yi sanyi, don haka ana buƙatar sassarfar minti 10 zuwa 15 kafin a fara. Idan iska tana bugowa ta gaba, fakewa a bayan wani na rage wahala. Ƙurar lokacin takan tayar wa masu asma, sai su zo da maganinsu.

Zafi da lafiya

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Katsina kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan yanayi da sassafe ya kamata a yi tsere, kuma kowa ya rage awonsa.

Tarihi ya nuna illar raina zafi. A gasar Olamfik ta birnin Paris a 1924, mutum 38 suka fara tseren cikin tsananin rana, 15 kaɗai suka gama, daga nan aka cire wasan daga gasar. A Mombasa a 2007, zafi ya sa Kenenisa Bekele na Habasha, wanda ya lashe gasar duniya shekara biyar a jere, ya janye kafin ƙarshe.

Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 na atisaye a hankali kafin ya saba da zafi. A sha ruwa tun daga jajibiri, a ci abinci marar nauyi, kamar kunu ko koko, sa'a biyu zuwa uku kafin tsere. Da azumi kuwa, a mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki.

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ya bayyana ba. Irin waɗannan suna wasanni, amma matsanancin gudu cikin zafi da ƙishirwa na iya zame musu haɗari, don haka yana da kyau malamin wasanni ya san rukunin jinin ɗalibansa. Wanda ke fama da zazzaɓi kada ya shiga tsere.

Ɗalibin da ya fara tangaɗi ko jiri ko sambatu, a tsayar da shi nan take, duk makin da gidansa zai rasa. A kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwan sanyi, a garzaya da shi asibiti.

Gudu tare

Tun da maki na haɗaka ne, gidan da 'ya'yansa suka tafi a dunƙule ya fi samun nasara. Akan haɗa masu ƙarfi ɗaya su biyu ko uku, su yi rabin hanya tare, mai sanin awo yana jan ragama.

Sau da yawa na huɗu ko na biyar a ƙungiya ke yanke hukunci. Duk abokin hamayyar da ya wuce a mita 100 na ƙarshe, ya rage wa gidansa maki ɗaya, ya kuma ƙara wa ɗaya gidan maki ɗaya.