Maguzawa: Asalinsu da matsayinsu a ƙasar Kano

Maguzawa Hausawa ne da suka riƙe addinin gargajiya bayan Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa. Namiji shi ne Bamaguje, mace kuwa Bamagujiya. An fi saninsu a karkarar Kano da Katsina da arewacin Zazzau. Hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta ratsa Rimin Gado zuwa Gwarzo, ta zarce Malumfashi, tana bi ta yankin da gidajensu suka daɗe a warwatse cikin gonaki. Akwai su kuma a Rogo da Ƙaraye da Tudun Wada da Sumaila. Harshensu Hausa ce tsantsa, kakanninsu ɗaya da na maƙwabtansu Musulmi, amma a bakin jama'a kalmar "Bahaushe" ta zama kamar ta Musulmi ce kaɗai.

Asalin sunan

Labarin baka na cewa wani mutum mai suna Bama ne ya guje wa salla, aka riƙa ce masa Bama-gujen-salla, har sunan ya bi zuriyarsa. Masana tarihi kuwa sun fi karkata ga cewa kalmar ta fito ne daga Larabci, wato Majusu, masu bautar wuta na ƙasar Farisa. Wannan suna yana da nauyi a fiƙihu. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Halifa Umar bai karɓi jiziya daga Majusawa ba sai da Abdurrahman bn Auf ya shaida cewa Annabi (SAW) ya karɓa daga Majusawan Hajar. Saboda haka laƙaba wa mutanen karkara wannan suna ya ba su gurbi a ƙarƙashin daular Musulunci: su biya jiziya, a tsare musu rai da dukiya, kuma ba a bautar da su.

Tarihi da al'ada

Kundin Tarihin Kano ya ambaci Barbushe, jagoran bautar Tsumburbura a Dutsen Dala, kafin zuwan Bagauda. Musulunci ya shiga fadar Kano ta hannun Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804, Maguzawa sun ci gaba da zama a masarautar a matsayin masu biyan jiziya.

Maguzawa sun yarda da samuwar Allah Mahalicci, amma yanka da roƙonsu ga iskoki suke yi, irin su Kure da Inna da Gajimare. Sun shahara da noman gandu, matansu ba sa kulle, suna kuma da nasu gayauni. Masani Joseph Greenberg na Amurka ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, ya wallafa bincikensa a 1946, inda ya nuna yadda Musulunci ya ratsa addininsu tun da daɗewa.

Daga baya adadin masu tsafi ya ragu ƙwarai. Rangadin musuluntarwa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi tsakanin 1963 da 1965 ya shigar da da yawa Musulunci. Wasu kuma sun karɓi Kiristanci ta hanyar mishan, musamman cocin ECWA da Katolika da Angilikan. Yawancin waɗannan sun fi son a kira su Hausawa Kirista ko Masihiyawa, domin suna ganin tsohon sunan bai dace da su ba.

Inda wariya take

Wariyar da ake magana a kai a nan ba ta launin fata ba ce, ta suna ce da matsayi. Kalmar "arne" ta zama zagi. Musulmi da Bamaguje kan haɗu a kasuwa da gayya da makoki, amma sarauta da auratayya da karatun boko sun daɗe ba su tafiya daidai a tsakaninsu. Shugabannin Hausawa Kirista sun sha kokawa kan wahalar samun takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da filin gina coci, da gurbin aikin gwamnati. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin addini, sashe na 42 kuma ya haramta nuna bambanci saboda addini ko ƙabila ko yanayin haihuwa.

Kwatankwacinsa a Turai da Amurka

Tambayar wane ne ɗan gida ta taso a wasu ƙasashe ta wata fuska. Tun shekarun 1970 wasu Turawa suka farfaɗo da bautar Odin da Thor, allolin kakanninsu na arewacin Turai. An kafa ƙungiyarsu ta ƙasar Aislan a 1972, gwamnati ta amince da ita a 1973, ƙofarta kuma a buɗe take ga kowa. A Amurka kuwa mabiyan sun rabu biyu. Ƙungiyar Asatru Folk Assembly, wadda Stephen McNallen ya kafa, ta ce addinin gadon jini ne na farar fata kawai. Ƙungiyar The Troth ta ƙi wannan ra'ayi, kuma a 2016 ƙungiyoyi fiye da 100 suka sa hannu a wata sanarwa ta yin tir da wariyar.

A can jini ake kafa hujja da shi a hana mutum addini. A ƙasar Hausa addini ne ke sa a yi wa mutum shakkar asali, alhali jinin ɗaya ne. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar ɗan ƙasa, da ɗan kasuwar da ke sayen hatsi a ƙauye, su ne ke yanke wannan hukunci a aikace kowace rana. Hausawa dai sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.